Abin da hanyar Pus ta koya mini

Na yi shekara 11 ina yi wa Turawa jagora daga Marwa zuwa gandun dajin Waza da duwatsun Rumsiki a arewacin Kamaru, har zuwa watan Fabrairu na 2013, lokacin da 'yan Boko Haram suka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga. An sako su a watan Afrilu, amma baƙi ba su dawo ba, sace ma'aikata goma 'yan ƙasar Sin a Waza a 2014 kuma ya ƙarasa kashe kasuwar. Sai na koma dakon albasa da motata.

Wanda ya maido ni sana'ar ba Bature ba ne. Bayan rikicin ruwa na 2021 tsakanin masunta Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa a yankin Logone-Birni, wanda ya kora dubban mutane zuwa Chadi, wani malamin makaranta ya roƙe ni in kai ɗalibansa, 'ya'yan ɓangarorin biyu, su ga ɗakunan yumɓu na Musgum a garin Pus da dorinar tafkin Maga.

A tafiyar farko na yi wauta, domin muna sauka na tara yaran na hau yi musu wa'azin yafiya, alhali a cikinsu akwai wanda aka ƙone gidansu. Kowa ya sunkuyar da kai. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Bakin yaran bai buɗe ba sai da wata yarinya Bashuwa ta tambayi amfanin tudun da aka jera a jikin ɗakin, uwar gidan ta nuna mata cewa matakala ce ta hawa yin yaɓe, kuma hanya ce ta ruwan sama, ta riƙe mata hannu ta taka uku.

Kuskure na biyu na kuɗi ne, kuma ya fi na farko haɗari. Duk abincin ranar a wurin masu kifi na saye shi, masu tallan nono suna kallo, kafin la'asar magana ta zaga cewa motar Musgum ce. Tun daga nan nake raba cefane biyu, kifi a nan, kindirmo a can, a idon kowa.

Waza kuwa har yau ban kai yaran ba, domin iyayensu ba su amince da hanyar ba tukuna.