Yau Mun Sauya wa Tsohon Injin Kawu Wuta

Asabar, Yelwan Yauri

Injin jirgin Kawu ya girme ni nesa ba kusa ba. Evinrude ne mai ƙarfin doki 18, samfurin Fastwin, silinda biyu, ƙirar ƙarshen shekarun 1960. Sa'an madatsar Kainji ne ke nan, wadda aka kammala a 1968. Yanzu in ka sauka bakin ruwa, kusan duk jirgin da ka duba Yamaha ce maƙale a bayansa. Namu ne ya rage daga wancan zamani, kuma tun ƙarshen damina yake ba mu wahala. Da safe sai an ja igiya har kafaɗa ta yi tsami kafin ya tashi. In ya tashi ya ɗauki zafi, sai silinda ɗaya ta ɗauke, ya ci gaba da rabin ƙarfinsa yana karkarwa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Jirgin da ya ɗauko buhunan albasa da mata da yara daga tsallake, in inji ya mutu masa a tsakiya, iska ce ke da iko da shi. Ga kuma kututturen itatuwan da tafkin ya shanye tun da aka datse kogin, suna nan a ƙarƙashi, ba ka ganinsu sai ka hau su. Shi ya sa na matsa wa Kawu a sauya kayan wutar gaba ɗaya, a daina kankare fulogi kullum ana cewa an gyara.

Samun kayan ne ya ɗauki lokaci. Kamfanin OMC da ya ƙera injin ya durƙushe a ƙarshen 2000, su kuma waɗanda suka gaji sunan Evinrude sun daina ƙera shi a 2020. Abin da ya taimake mu shi ne OMC ta shafe shekaru da yawa tana sa kwayil iri ɗaya, wato naɗin wayar da ke ba fulogi wuta, a ƙananan injinanta, Johnson da Evinrude duka, don haka har yau wasu kamfanoni suna yin irinsa. Wani ɗan'uwanmu ne ya aiko mana daga Legas: kwayil biyu, wayar fulogi, fulogi biyu, da wasu 'yan akwatunan lantarki guda biyu da ke maye gurbin kwantak da kwandansa, wato kayan da ke yanke lantarki a tsohon tsari.

Da hantsi muka ɗora injin a baro zuwa wurin makanike. Dattijo ne, ya taɓa irin waɗannan injina tun yana yaron shago. Ya rataye shi a jikin katako, ya cire murfi da gidan igiya, ya kwance babban notin sama. Wani yaronsa ya miƙo guduma zai buga filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a saman inji, Malam ya riƙe masa hannu. Ya ɗauko ƙarfen zarowa mai kusoshi uku, ya ɗaura su a ramukan da aka yi domin haka a saman filawil, yana ja mini kunne cewa kada kusoshin su nutse da yawa, don kwayil na nan ƙasa daf da su. Ya ce mai kama filawil ta gefe da ƙugiya lanƙwasa shi yake yi, kuma wannan ba a samun sa a kasuwa. Ya ɗaure a hankali har muka ji ƙas, ya saki.

Abin da muka gani a ciki ya isa bayani. Rufin kwayil ɗin biyu ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, na silindar ƙasa har da baƙin layi inda wuta ke tsallakewa tana shiga jikin farantin da kwayil ke zaune a kai maimakon ta je fulogi. Ga dalilin da ya sa yake ƙi in akwai raɓa, ga kuma dalilin ɗaukewa in ya yi zafi, don tsagar tana ƙara buɗewa. Fuskar kwantak ta yi rami-rami, wayoyin fulogi sun bushe sun yi tauri.

Na daɗe ina kallon farantin nan, don ina ganin hikimarsa. Babu batir ko ɗaya. Maganaɗisu ne a jikin filawil, duk juyi sai ya gifta ta gaban kwayil ya haifar da lantarki a cikinsa. A daidai lokacin da fistin ya kusa kaiwa sama, wani tudu a jikin sandar injin ya ture kwantak ya buɗe, lantarkin ya yanke farat ɗaya, wannan yankewar ce ke sa naɗin waya na biyu da ke cikin kwayil ya harba wuta mai ƙarfin dubban bolt zuwa fulogi. Kwandansa kuwa aikinsa ya shanye tartsatsin da zai ƙone bakin kwantak. Tazarar buɗewar rabin milimita ce kacal. Ta ragu ko ta ƙaru, taimin, wato lokacin tashin wutar, ya kauce. Ɗan akwatin da muka kawo wannan yankewar yake yi, amma da taransisto: yana jin tashin lantarki a kwayil, ya yanke da kansa, ba abin da ke gogar wani abu.

A nan ne Kawu ya tsaya. Ya juya akwatin a tafin hannunsa ya ce, "Malam, wannan abin in ya mutu, ana buɗe shi?"

"Ba a buɗewa, Alhaji. Sai dai a sa wani."

"To ka ji. Kwantak ko a wani gungu ya ƙi mini, in ina da sifana da sanfefa zan dawo gida. Da tsohuwar zuma ake magani." Ya juyo gare ni. "Kai yaro, kai ka kawo wannan shawara. Me ka ce?"

Na ce, "Kawu, gaskiyarka ce, ban musa ba. Amma kwantak kullum cikin cinyewa yake, kuma danshi na sa masa tsatsa ko ba a taɓa injin ba. Wannan a rufe yake ruf, ruwa ba ya shigarsa."

Har yanzu da nake rubutun nan ina ganin kowannenmu na da hujja. Na lantarki ba ya neman kulawa, amma ran da zai tafi ba ya sallama. Tsohon kuwa yana ta ƙorafi kafin ya kwanta, kuma mai shi yana iya lallaɓa shi. Malam ne ya raba gardamar. Ya ce a sa sabon, amma a goge tsofaffin kwantak da kwandansa, a naɗe su a tsumma mai ɗan mai, a ajiye a gwangwanin madara cikin akwatin jirgi tare da sukurorinsu. Kawu ya ce in haka ne ya yarda.

Sauran aikin haƙuri ne. Wayar fulogi dole ta kasance mai jan ƙarfe a ciki, ba irin ta motocin zamani ba, wadda ke raunana wutar irin wannan inji. Ana murɗa ta ne a kan wani tsinke da ke cikin kwayil har ta zauna. Malam ya sa alama a wayar silindar sama don kada a musanya. Inda ya fi ɓata lokaci shi ne zaunar da kwayil: ƙafafunsa na ƙarfe sai sun yi daidai da gefen mazauninsu a faranti. In sun leƙo waje, maganaɗisu zai goge su. In sun koma ciki, wuta ta yi rauni. Da farcen babban yatsa yake shafawa yana ji, ya sassauta, ya ɗan tura, ya sake ɗaurewa. Kowane akwati waya ɗaya ta tafi kwayil, ɗaya ta tafi jikin ƙarfe, kuma ya ɗaure su a kan ƙarfe tsirara don zafi ya samu hanyar fita. Ya kwantar da duk wayoyin ƙasa yadda filawil ba zai taɓa su ba.

Kafin ya mayar da filawil ya duba ɗan makullin da ke tsakaninsa da sandar injin, don in ya ɗan yanke, taimin ya tafi ko da komai sabo ne. Lafiyarsa ƙalau. Ya wanke wurin da fetur ya bar shi ya bushe, ya ce ba a sa giris a nan ko kaɗan, matsewar ƙarfe da ƙarfe ce ke riƙe shi.

Mun gwada wuta kafin a sa fulogi. Ya riƙe bakin waya da fulaya mai rufi kamar milimita 6 daga jikin inji, na ja igiya. Shuɗiyar wuta ta tsallake tana ƙara, a sama da ƙasa duka. Na lura sai an ja da ɗan ƙarfi, jan kasala ba ya ba da komai. Malam ya ce halin waɗannan akwatunan ke nan, su saba.

Bayan azahar aka cika duro da ruwa aka tsoma ƙafar injin, don ba a tayar da shi a bushe, robar famfon ruwa za ta ƙone nan take. Na haɗa mai yadda aka saba, rabin lita na man inji a lita 25 na fetur. Ya tashi ba gardama. Malam ya ɗan juya allurar kafireta, ƙarar ta daidaita, ya zauna a ƙasa-ƙasa ba ya mutuwa, abin da ya daɗe bai yi ba.

Da la'asar muka kai shi ruwa, ni da Kawu kawai, kowa da rigar kariya. Muka hau sama muna fuskantar igiyar ruwa har injin ya ɗauki zafi sosai, wurin da a da yake fara ɗaukewa. Bai ɗauke ba. Kawu ya kashe shi da gangan a tsakiya, ya ce in ja. Ya tashi. Bai ce komai ba sai "Madalla," ya karɓi hannun tuƙi.

A hanyar dawowa ne na duba bayan injin. Wannan samfurin ba shi da ɗan bututun da ke tsartar ruwa irin na Yamaha, feshi ne ke fita tare da hayaƙi ta wani rami a baya, kuma feshin yau bai kai yadda na san shi ba. Na nuna wa Kawu, ya sa hannu ya taɓa kan silinda, ya rage gudu. Robar famfon ta gaji. Na kira ɗan'uwanmu na Legas bayan isha'i ya nemo mana ita. Mun yi magana da Kawu cewa har ta iso, jirgin ba zai ɗauki fasinja ba.