Siririyar jar waya

Talata, da dare.

Yau ma ya ƙi tashi. Na murɗa makulli, koriyar fitilar nan ta kawo dishi-dishi, na danna sitata, sai ƙas-ƙas-ƙas kawai nake ji daga ƙarƙashin kujera. Hon ma da ƙyar ya yi wani ɗan nishi. Kwana uku mashin ɗin yana ajiye saboda zazzaɓin da ya kwantar da ni, kuma batirin nan ko wata biyu bai cika ba. Da kik na tashe shi, a bugu na bakwai, ga jiki babu ƙwari.

Auta yana tsaye a bakin ƙofa rataye da jakarsa. Na ce, "Kai ne ko? Ka sake barin makulli a kunne." Ya ce, "Wallahi Yaya ko kusa da shi ban je ba." Na ja mashin na fita ban tanka masa ba. Karo na uku ke nan ina yi masa wannan maganar.

Aiki dai ga shi nan. Na makara, ba wanda ya ce komai. Wuni na yi kaina yana sarawa.

Da yamma Kawu ya shigo duba ni, sai na kawo masa kukan batir. Na ce gobe zan mayar da shi a canza mini, jabu ne. Ya ce, "Wancan da ka yar, shi ma jabu ne?" Na yi shiru. Ya aika aka ɗauko masa mitarsa a mota, mai launin ɗorawa ɗin nan da yake naɗe wa waya da roba.

Bai yarda ya auna nan take ba. Wai batirin da aka sauko daga kansa yanzu yakan nuna ƙarfin da ba nasa ba, sai an bar shi ya huta. Muka zauna kusan awa guda yana tambayata maganin da nake sha. Sannan ya ɗora jar waya a kan jan kai, baƙa a kan baƙi. Mita ta nuna 12.2.

Na ce, "To ai ga shi, bolt 12 aka rubuta a jikinsa, ya cika."

Ya ce, "A'a, ɗana. Ɗaki shida ne a cikin batirin nan, kowane yana ba da kamar 2.1. In ya ƙoshi sai ka ga 12.6 ko sama da haka kaɗan. Wannan 12.2 ɗin, rabi ke nan ko kusa."

Ban taɓa sanin ɗan bambancin nan yana da nauyi haka ba. Shekara nawa ina hawa.

Ya sa na danna sitata yana kallon mita. Lambar ta faɗi zuwa 10.1, inji ya kama. Ya ce da ta gangara ƙasa da 9.6 da ya yarda batirin ya gaji. Ya ce in ja mai kaɗan in riƙe. Ta haura 14.1 ta tsaya cak. Tsakanin 13.5 da 14.5 ake so, in ji shi. In ta tsaya a 12 da wani abu ana jan mai, to koyil mai samar da wuta ko rektifaya mai daidaita ta ba sa ciyar da batir. In kuma ta zarce 15, dafa shi ake yi. Nawa dai yana samun caji lafiya lau. Ya girgiza kawunan batirin, ba su sassauta ba, kuma babu farin garin nan da ke taruwa a kai.

"To batir bai mutu ba, caji yana zuwa. Saura mu ga wa ke sha da dare."

Aka kashe, aka zare makulli, ya ba ni na riƙe a hannuna. Ya kwance baƙin kai tukuna. Kullum shi ake fara cirewa, don ko sifana ta goga jikin ƙarfen mashin ba za a yi tartsatsi ba. Ya juya mita zuwa ma'aunin amfiya, ya sa ta tsakanin kan batir da wayar da ya cire, yadda duk wutar da za ta fita sai ta ratsa ta cikinta. Ya ja mini kunne kada in kuskura in taɓa sitata a haka, fiyus ɗin mitar zai ƙone.

Makulli yana tafin hannuna, komai a kashe, amma mita tana nuna miliamfiya 41 (miliamfiya dubu ke yin amfiya ɗaya).

Kawu ya yi lissafin da baki. A awa 24 kusan amfiya-awa ɗaya ke zurarewa, wato ma'aunin wutar da batir ke riƙewa. Batirina mai amfiya-awa 5 ne. Kwana uku a ajiye, fiye da rabi ya tafi. Ga shi tafiyata gajera ce, minti goma zuwa aiki, da fitila a kunne, ba ta isa ta mayar da abin da aka sha ba.

Ya fara zargin rektifaya, don ya ce in ta fara lalacewa takan bar wuta ta riƙa komawa baya ko an kashe inji. Ya zare filoginta. Har yanzu 41. Ya zare babban fiyus, wanda ya kamata ya yanke komai. Har yanzu 41. Sai ya sunkuya da tocila, ya tura yatsa ƙarƙashin notin jan kai, ya zaƙulo wata siririyar jar waya da ba ta cikin damin wayoyin kamfani.

"Wannan ta ina ce?"

Tun kafin ya bi ta na gane. Cajar wayar hannu ce, mai ɗan allo shuɗi da ke nuna lamba. Ni na ɗaura ta da hannuna wata huɗu da suka wuce, kai tsaye a kan batir, ko fiyus ban sa mata ba. Tana da murfin roba, shi ya sa ban taɓa lura hasken ba ya mutuwa ba. Ya cire ta, mita ta koma 1.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya ce a mayar da ita kan wayar da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, a sa mata ƙaramin fiyus nata. Ya kuma ce wancan batirin da na yar mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau ya zo, yawan zama babu caji ne ya sa gishiri ya daskare a farantan cikinsa har ya daina riƙe wuta. Wannan ma in aka ci gaba haka, hanyar da zai bi ke nan. Yanzu yana kan caja, a hankali, sai safe.

Abin da ya tsaya mini a rai ba batirin ba ne. Wata huɗu. Sau uku na tsare yaron nan, sau ɗaya ma a gaban abokansa, kuma tun daga ranar bai ƙara roƙona aron mashin ba. Ni kuwa har daɗi na ji da ya daina.

Ya dawo ɗazu, ya gaishe da Kawu, ya ce mini, "Yaya, ya jiki?" Na ce da sauƙi. Ya ga batir a ƙasa da wayoyi a warwatse, bai tambaya ba, ya shige ɗaki. Na so in kira shi a lokacin, bakina ya yi nauyi saboda Kawu yana zaune.

Kawu ya tafi. Jar wayar tana nan kan teburi kusa da ni. Fitilar ɗakin Auta ba ta mutu ba tukuna, bari in ɗauke ta in je in ƙwanƙwasa.