Mun dawo daga Nijar, ga godiyarmu

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Mun iso Kaduna daren Talata daga aikin gina ɗakin karatu a wani ƙauye a Nijar. Mu tara muka tafi, mu tara muka dawo, ko da yake ɗayanmu wando na zame masa a ƙugu saboda rama. Da yake ni aka rataya wa jakar kuɗin tafiyar, ni aka ce in rubuta wannan godiya kafin mu tsaya gaban ikkilisiya ranar Lahadi.

Zumuntar Mata zan fara da su. Mama shugaba, buhun garin rogo da ƙuli-ƙulin nan da muka riƙa guna-guni wai sun cika mana mota, su suka riƙe mu kwana huɗun farko kafin mu gane kan kasuwa. Mun janye maganarmu. Dattawa da suka yarda aka yi baiko na musamman har sau biyu, matasa da suka yi ta wankin motoci don a tara kuɗin mai, da tsohuwar nan da ta kwance bakin zaninta ta ce kada a faɗi sunanta, Ubangiji ya sāka muku. Waɗanda suka yi azumi ranar da za mu bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau, kun san dalili, mu ma mun sani. Babu wanda ya runtsa a motar sai da muka ga Sakkwato.

Ta Illela muka ƙetara zuwa Birnin Ƙonni, muka yi gabas, muka wuce Malbaza inda kamfanin siminti yake, har wani ƙauye da ke gefen Galmi. Tun 2023 aka shirya wannan tafiya, sai juyin mulkin watan Yuli ya zo aka rufe iyaka, kuɗin ya yi ta zama a asusu yana rage daraja. Ikkilisiyar da ta karɓe mu ba ta kai mutum arba'in ba har da yara, domin Kirista a Nijar ba su kai biyu cikin ɗari ba. Amma mu da su uwa ɗaya ta raine mu: mishan ɗin SIM, na masu yaɗa bishara, da ya haifi ikkilisiyarmu ta ECWA a nan, shi ya yi aiki a can, har ya buɗe asibitin Galmi a 1950. Ranar Lahadin farko da aka ɗaga waƙa, ba wanda ya nemi a nuna masa shafi.

Aikin da ya kai mu shi ne ɗakin karatu guda, na yara da safe, na manya da dare. Da zanenmu muka je, a takarda mai kyau: bulo, kwano, manyan tagogi biyu ta gabas. Maigari, wanda Musulmi ne kuma shi ya ba da filin, ya aiko mana da wani tsohon magini ya duba. Baba ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, tanda kuka zo ginawa ko makaranta?" Ya ce in bazara ta yi, ko akuya ba za ta zauna ƙarƙashin kwanon da ba rufi ba, kuma hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, ruwan farko zai shigo ta tagoginmu ya wanke allo. Injiniyanmu ya so ya yi gardama. Baba Fasto na can ya taka masa ƙafa a hankali. Haka muka koma tubalin ƙasa, bango mai kauri, tagogi kudu da arewa, siminti kuma aka bar shi don tushe da yaɓen waje. Kuɗin da muka ware wa bulo ya ragu har ya sayi benci shida.

In faɗi gaskiya, mu dai mun ɗauki tubali, mun kwaɓa ƙasa, tafin hannunmu ya yi kanta, mun kuma ɗauki hotuna da yawa. Gini kuwa Baba magini da yaransa suka yi shi. Matan garin, Kirista da Musulmi, su suka yi ta jido ruwa tun asuba cikin sanyin hunturu, kuma lokacin ban ruwan albasa ne, kowace ta baro garkarta. Wanda ya san albasar Galmi ya san ba abin wasa ba ce, ita ce abincin gida na shekara. Duk wanda ya ga hotonmu a Facebook da cebur a hannu, ya raba yabon gida goma ya ba mu ɗaya.

Ku yi mini dariya kaɗan. Ranar farko a kasuwa mai tumatir ta ce mini dala ɗari, na zaro sefa ɗari na miƙa mata ina jin na samu araha. Ta dube ni ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga ɗan Najeriya. Ashe da biyar-biyar suke ƙirga: dala ɗari sefa ɗari biyar ke nan, sefa dubu kuma jika suke cewa. Hausa ɗaya muke ji, amma sai da aka haɗa ni da yaro ɗan shekara goma ya riƙa yi mini lissafi. Yaron nan ya fi ni cancantar riƙe jakar.

Daren kwana na goma sha biyu ne abin ya tashi. Ɗan'uwanmu mai kaɗa ganga ya kwana biyu yana ɓoye zazzaɓi don kada a hana shi aiki. Wajen ƙarfe ɗaya muka ji haƙoransa na haɗuwa, yana kiran sunan ƙanwarsa da ke Kafanchan. Motarmu kuma tana Ƙonni wajen gyara. Baba Fasto ya fita ba ko takalmi ya buga ƙofar wani Alhaji mai safarar albasa. Alhaji bai tambayi ko wane ne ba. Ya fito da jallabiya, ya ture buhunan da ke bayan a-kori-kurarsa, ya shimfiɗa tabarmar ɗakinsa, ya ce, "Ku ɗauko shi mu tai likita." A can asibiti ake ce wa likita, mai duba ka kuma lokotoro. Ni na riƙe kansa a cinyata har Galmi, ƙaiƙayin albasa na shiga mini ido, ban san wane hawaye ne na albasa ba. Zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani. Ma'aikatan da suka karɓe shi a daren, suka sa masa ruwa, suka yi ta leƙowa har gari ya waye, mun gode. Kwana huɗu ya yi aka sallame shi. Alhaji ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Da muka matsa, sai ya ɓata rai ya ce baƙon maigari baƙonsa ne. Washegari ma uwargidansa ta aiko da fura a ƙwarya.

Mama, mahaifiyar ɗan'uwanmu, ki yafe mana da ba mu kira ki ba sai da ya farfaɗo. Shawarata ce, ni za ki yi wa faɗa.

Mun baro ɗakin an rufa shi, saura ƙofa da yaɓen ciki, kuma dole a gama yaɓen waje kafin damina. Ragowar kuɗin na hannun dattawan can, takardun sayayya duka suna wurina, duk mai son dubawa ya same ni bayan sujada. Alhaji ya haɗo mu da buhun albasa biyu, mun kai ɗakin Zumuntar Mata a raba. Mai kular ruwa shuɗiya kuma ta yi haƙuri, murfinta ya tsaya a Galmi.