Ranar da na'ura ta yi ihu a busasshiyar ƙorama

Mako na uku muna daji, nesa da duk wata hanyar mota, na'urar da ke rataye a wuyana ta soma ƙara kamar za ta fashe. Aikina ke nan a tawagarmu ta neman ma'adinin yuraniyom: in bi layin da aka ja a taswira da ƙafa, ina auna hasken gamma, wanda ido ba ya gani, ina rubuta abin da ta nuna. Na durƙusa na yaye yashin da hannu, sai ga wani baƙin yashi mai nauyi kwance a ƙasa kamar an barbaɗa kwalli. Na cika jakar samfur hannuna na rawa, na nufi sansani da gudu.

Shugaban tawagar, dattijon da ya tsufa a harkar duwatsu, ya murza yashin a tafin hannunsa.

"Maigida, mun samu," in ji ni.

"Ɗana, kada ka riga malam masallaci. Ɗauko ɗaya na'urar."

Waccan na'urar tana rarrabe tushen hasken. Ta nuna ba yuraniyom ba ne, kusan duk wani sinadari ne daban mai suna toriyom, daga wani ma'adini da ake kira monazayit, wanda ruwa ya wanko daga duwatsu ya tara a lungun ƙoramar. Murna ta koma ciki.

Daren nan, a gaban fitila, ya warware mini abin da na karanta a makaranta amma bai zauna mini ba. Yuraniyom kansa ba ya fitar da gamma mai yawa. Abin da na'ura ke ji yawanci bismut-214 ne, ɗaya daga cikin jikokin da yake haifarwa yayin da yake ruɓewa a hankali. Toriyom da fotasiyom ma suna sa ta ƙara. Sannan yuraniyom matafiyi ne: ruwa mai iskar oksijin yana narkar da shi ya tafi da shi, sai inda ya tarar da ruɓaɓɓen tsiro ko wani abin da ke shanye oksijin ɗin yake sauka ya taru. To, yana iya ƙaura ya bar jikokinsa suna ihu a kango, yana kuma iya tarewa a sabon wuri shiru. Ga shi na'urar ba ta jin abin da ya wuce kamar rabin mita a ƙarƙashin ƙasa.

Daga ranar na daina bin ƙara, na koma karanta dutse: ina ruwan ya fito, ta ina ya ratsa, me zai tare shi. Har yau ina ganin wannan ne ainihin aikin, kuma yana ba ni takaici in ji ana tallar wuri da adadin da na'ura ta nuna a saman ƙasa kawai. Akwai ɗan yuraniyom kusan ko'ina, wajen giram 3 a kowane tan na ɓawon duniya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ma'adanar Siga Lek a lardin Saskacewan na Kanada, ɗaya daga cikin mafi inganci a duniya, tana kwance fiye da mita 400 a ƙasa. An gano ta a 1981, ba a fara fitar da ma'adinin ba sai 2014.

Nisa ma yana cin kuɗi fiye da yadda na zata. Man injin haƙa, ruwan sanyaya shi, kowane buhun samfur da za a kai ɗakin gwaji, duk sai an yi jigilarsu, kuma sakamako kan ɗauki makonni. Kasuwar ba ta jiran kowa: farashin yuraniyom ya haura dala 130 kan kowane fam na nauyi (kusan rabin kilo) a 2007, ya rushe bayan hatsarin tashar nukiliyar Fukushima ta Japan a 2011, kamfanoni da dama suka naɗe tabarmarsu, sai a farkon 2024 ya sake taɓa dala 100.

Mun haƙa ramukan gwaji kaɗan kafin kuɗin shekarar ya ƙare. A na ƙarshe sandar dutsen ta fito ja, can kuma ta rikiɗe ta koma toka-toka, da ɗigon baƙin gawayi a jikinta. Maigida ya jiƙa ta da ruwa, ya daɗe yana kallon iyakar launukan biyu, irin wurin da oksijin ke ƙarewa yuraniyom ya sauka, sannan ya miƙo mini alƙalami ya ce in rubuta zurfin.