Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Ruwa Ya Ɗauke Mini Nauyin Jikina

Makon jiya na tsaya a ranar da hoto ya nuna ƙashin cinyata ya haɗe. Wata bakwai ke nan da faɗuwata a babur a hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi, wata biyar da sa mini ƙarfe. Gida ya cika da murna, Inna har ta yi sadakar masa. Ni ma na yi hamdala, sai dai na san abin da nake ji a jikina. Ƙashi ya warke, amma gwiwa ta sandare a miƙe kamar icce, cinyar kuma ta tsotse har wandona yana lilo a ɓangaren dama.

Likitan gashin ƙashi ya ɗora wani ma'aunin roba mai hannu biyu a gefen gwiwar, ya ce in lanƙwasa iya ƙarfina. Digiri 40. Ya ce tafiya sosai tana bukatar wajen 60, zama a kujera wajen 90, zaman tahiya kuwa sai an haura 140. Wannan na ƙarshe shi ya tsaya mini a rai. Tun ranar hatsarin goshina bai taɓa ƙasa ba. Azumin 2023 gaba ɗaya a kan kujerar roba na yi sallolinsa, a ƙarshen sahu. Na san addini ya yi mini rangwame, amma zuciyata ba ta daina kewar sujada ba.

Mun yi sati uku muna gashi a kan gado. Yana danna ƙafar, ni ina cije rigata, naman cinya yana ɗaurewa da kansa don gudun zafi. Rannan ya saki ƙafar ya ce, "Malam, jikinka yana faɗa da ni, kuma ba laifinka ba ne. Za mu gwada cikin ruwa."

Ruwa kuwa gadona ne. Mu Kabawa ne, masunta tun kakanni. Baba ya shiga gulbin Matan Fada da gora da homa shekaru da yawa, a bikin kamun kifin nan na Argungu da aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Na iya iyo tun ban shiga firamare ba. Sai na ce, "Likita, ai wannan mai sauƙi ne, gulbi yana bayan gidanmu."

Ya ce sam. Gulbi yana da laka mai santsi, ba ka ganin inda kake takawa, ruwan yana ja, zamewa ɗaya za ta iya mayar da mu asibitin ƙashi. Sannan ga tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa na ruwa, ta ratsa fata ba tare da ka ji ba, bayan makonni ka ga jini a fitsari. Da ya faɗi haka na tuna yadda muna yara kusan kowa cikinmu ya yi wannan fitsarin, ana cewa alamar girma ce. Ciwo ne, kuma yana da magani a asibiti.

Baba bai ji daɗin maganar ba. Ya dube ni ya ce, "Wanga wane irin magani na? Mu da muka gaji ruwa, sai ka tahi birni ka biya kuɗi ka shiga kwami?" Ban ba shi amsa ba, domin ni ma a lokacin rabin zuciyata tana tare da shi.

Wurin wankan wani otal ne a Birnin Kebbi, inda likitan ya nemi alfarmar awa ɗaya bayan azahar, lokacin da babu kowa. Kafin ya bar ni in shiga sai da ya yi mini tambayoyi: farfaɗiya, ciwon zuciya, zazzaɓi, gudawa, ko fitsari yana kufce mini. Ya auna jinina, ya duba tabon aikin ya tabbatar ya rufe ruf, don mai ciwo a buɗe ba ya shiga. Ya ce a inda aka gina wurin don wannan aiki musamman, ana ɗumama ruwan ya kai digiri 33 zuwa 35, saboda ɗumi ne ke sa nama ya saki. Mu kuwa ranar watan Mayu ta Kebbi ce ta ɗumama mana. Da hunturu ne, in ji shi, ba zai kawo ni ba, sanyi ƙara ɗaure nama yake yi.

Ƙanena ya karɓi sandunana. Na sauka matakalar ɗaya bayan ɗaya, hannu biyu a kan ƙarfen gefe, likita yana riƙe da ƙuguna ta baya. Ruwa ya kawo gwiwa, ban ji komai ba. Ya kawo cibiya, sai na ji kamar wani ya sauke mini buhu daga ka. Da ya kawo ƙirji ya ce, "Malam, saki ƙarfen." Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "Ina nan, saki."

Na saki. Ina tsaye da ƙafafuna biyu, ba sanda, ba bango. Na ɗaga ƙafar dama na ajiye, ina jiran zafin nan da ke harbawa har ƙeya, bai zo ba. Na ƙara taku. Na kai ɗaya gefen, taku goma sha ɗaya, na kifa fuskata a kan siminti na yi kuka. Ƙanena yana bakin ruwan rungume da sanduna, shi ma yana share ido.

Daga baya likita ya yi mini lissafin. Nauyina kilo 80 ne. In ruwa ya kawo ƙugu, ƙafafuna suna ɗaukar wajen rabi, kilo 40. In ya kawo ƙirji, wajen kashi ɗaya cikin uku. In ya kawo wuya, kashi ɗaya cikin goma kacal, wato kilo 8. Ƙarfin da ke ɗaga gora da masunci a kanta, wanda ke riƙe jirgi cike da buhunan shinkafa a Yawuri, shi ne ya riƙe ni. Na yi shekara arba'in ina ganin wannan da idona, ban taɓa tunanin yana iya zama magani ba.

Aikin kansa ba wasa ba ne. Tafiya gaba, tafiya da baya, tafiya gefe-gefe. In riƙe bango in ɗan tsuguna in miƙe. Wanda ya fi yi mini amfani shi ne gorar ruwa ta roba wadda ba komai a ciki: ya ɗaura ta a idon sawuna, ita tana neman sama, tana jan diddigena baya a hankali, gwiwa tana lanƙwasa ba tare da hannun kowa ya danna ta ba. In kuma ƙarfin cinya ake nema, sai ya ce in ƙara sauri, domin ruwa gwargwadon yadda ka tura shi yake tura ka. Kumburin ƙafa ma yana saɓewa, saboda ruwan yana matse ta ta ko'ina.

Minti 20 kawai ya ba ni a ranar farko. Da na hau matakala nauyina ya dawo mini gaba ɗaya, har sai da aka zaunar da ni. A zuwa na uku na roƙe shi ƙari, da ya juya kuma na ninka tsugunon da ya ƙayyade. Daren nan gwiwar ta kumbura, ban runtsa ba. Ruwa yana ɓoye zafi, sai ka fita yake gaya maka abin da ka yi. Tun daga nan ban ƙara wuce lissafinsa ba.

Sau uku a mako muka fara. Sai aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin fetur ya ninka fiye da biyu, kuɗin mota ya bi shi. Muka koma sau ɗaya, shi ma da kwasar adashen matata. Sauran kwanakin ina yin na ƙasa a gida, wanda dama likita ya ce ba makawa, don ƙashi ba ya ƙarfi sai ya ɗauki nauyi. Bayan sati takwas ma'auni ya nuna 95.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne Gwaggo. Gwiwoyinta biyu sun cinye da ciwon sanyi, likita ya ce ruwa zai rage mata zafi sosai. Ta ce ita da girmanta ba za ta shiga wurin wankan otal a gaban namiji ba, kuma gaskiyarta. Da akwai wuri a killace, da ranar mata da ma'aikaciya mace, da ta je. Tana nan tana shafa man zafi.

A sati na tara Baba ya ce zai raka ni. Ya shigo motar da tsohuwar gorarsa a ƙarƙashin hammata, bai ce komai a kanta ba. Ya zauna a inuwa yana kallona ina kai da kawowa. Can ya taso ya miƙa wa likita gorar ya ce, "Yaro, ba shi wagga ya kwanta bisa, shi buga ƙafa. Haka na koya mishi tun yana ƙarami." Likita ya juya ta, ya duba, ya wanke ta, ya ce, "To Baba, mu gwada." Na kifa ƙirjina a kanta, ƙafafuna suka taso baya, na fara bugawa a hankali, Baba yana bin gefen kwamin yana ƙirga mini.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo ranar da na fara gwada sujada.