Kawaicin da Ya Ci Mana Wata Biyar

Shekarata shida ina aiki a wata makarantar renon yara a arewacin Ingila. Shekaru uku da suka wuce aka ɗora mini kula da yara masu buƙata ta musamman, muƙamin da a nan ake kira SENCO, wanda ake sa ran kowace makarantar reno mai karɓar kuɗin gwamnati ta ware wa mutum guda. Da aka ba ni na yi murna, don na ɗauka haƙuri da son yara kawai aikin yake buƙata. Wani yaro ne ya nuna mini akwai sauran aiki a gabana.

Ya zo mana a watan Satumba yana da shekara uku da wata biyu. Ba ya magana. Idan ka kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da zarar injin busar da hannu na banɗaki ya tashi sai ya toshe kunnuwa ya fashe da kuka. Yakan jera motocin wasa tun daga ƙofa har taga, kuma duk yaron da ya taɓa ɗaya, ranar babu zaman lafiya. A ajin 'yan shekara uku doka ta yarda babba ɗaya ya kula da yara takwas. Shi kaɗai yakan cinye hankalin mutum guda, sauran bakwai su zama kamar ba su da kowa.

Mahaifiyarsa Bahaushiya ce, sun zo da bizar aiki ita da mijinta. Ranar da ta ji na gaishe ta da Hausa har ƙwalla ta yi. Daga nan na zama Yaya. Ta kawo mini dambun nama, ta kawo yaji. Kullum da yamma idan ta zo ɗaukarsa sai ta ce, "Yaya, yaya ɗan naki yau?" Ni kuma in ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi." Haka na yi ta faɗa daga Satumba har Fabrairu.

Tun mako na biyu na gane akwai magana. Amma ta yaya zan dubi matar da ta ɗauke ni 'yar'uwa a ƙasar da ba ta da kowa, in ce mata ɗanta na fari ba kamar sauran yara yake ba? Na riƙa lallashin kaina da maganganun da muka taso muna ji: kowane yaro da lokacinsa, namiji ba ya saurin baki, harshe biyu ne ya rikita shi. Wannan na ƙarshen ma ba gaskiya ba ne. Masu koyar da magana sun daɗe suna cewa tashi da harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana, har ma suna roƙon iyaye kada su daina yi wa yaro yarensu a gida.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda kuɗin tallafi yake tafiya. Tun Afrilun 2017 gwamnati ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma a Ingila ta ware wani asusu don yaran reno da aka fara ganin alamun buƙata a tare da su. Ba sai likita ya sa wa abin suna ba. Amma kwamitin da ke raba kuɗin ba ya ganin yaro, takarda yake gani. Yana son ya ga an lura da yaron, an tsara abin da za a gwada, an gwada, an dawo an duba ko ya yi amfani, kuma duk wannan da sanin iyaye da sa hannunsu. Muddin uwa ba ta sani ba, babu tsarin da za a rubuta, babu fom ɗin da za a tura. Duk "lafiya lau" da na faɗa, kwana guda ne na ɗauke wa yaron.

A Fabrairu na roƙe ta ta tsaya bayan an tashi. Na gaya mata abin da nake gani, ɗaya bayan ɗaya. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Yaya, tun yaushe kika gani?" Na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Ni ma na gani. Ina jira ne ki ce wani abu, da kika yi shiru sai na ɗauka ni ce nake zargi." Har yau idan na tuna wannan magana jikina yakan yi sanyi. Daga gida ana ta aiko mata da shawarwari ta waya, wannan ya ce a yi rubutu, wancan ya ce a yi haƙuri. Na ce mata ta ci gaba da addu'arta, mu kuma mu nemi abin da doka ta tanadar masa, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Sai maigidan ya zo da nasa tsoron, kuma tsoro ne mai tushe. A bizarsu an rubuta cewa ba su da ikon cin kuɗin jin ƙai na gwamnati. Ya ce, "Malama, kada mu cike takardar da za ta ɓata mana zama." Dole na koma na karanta abin da kyau. Akwai alawus ɗin da ake ba yaro mai nakasa, DLA, wanda yake cikin jerin kuɗaɗen da irin wannan biza ta hana. Akwai kuma wani kuɗi, DAF, da ake biyan makarantar reno dunƙule sau ɗaya a shekara. Ya fara da fam 615 a 2017, ya kai fam 910 a 2024, amma sai yaron da ke karɓar wancan alawus ne ake biya wa. Ke nan wannan ƙofa a rufe take ga yaronmu, abin da har yanzu nake ganin rashin adalci ne, tunda buƙatar yaro ba ta san launin fasfo ba. Amma awa 15 na kyauta a mako da ake ba duk ɗan shekara uku da huɗu, da asusun ƙaramar hukuma, da tsarin tallafin ilimi, duk harkar ilimi ce, ba sa cikin wancan jerin. Duk da haka na ce ya tabbatar a wurin mai ba da shawara kan harkar biza kafin ya sa hannu. Ya je, ya dawo, ya sa.

Fom ɗin farko da na cike, da zuciyar uwa na cike shi. Na rubuta cewa yaro ne mai fara'a, yana son motoci, yana samun ci gaba. Abin da aka ba mu bai taka kara ya karya ba. Wata tsohuwar ma'aikaciya ta karanta ta ce, "Kin rubuta yaron da ba ya buƙatar komai." Daga nan na koyi ƙirge. Sau nawa ya ruga ƙofar fita cikin awa uku. Minti nawa yake iya zama a kan tabarmar labari. Sau nawa ya ciji hannunsa saboda ya kasa faɗin yana jin ƙishi. Wannan rubutu yana da ɗaci, kuma ya fi ɗaci ranar da za a karanta shi tare da iyaye. Yanzu kafin in miƙa wa uwa irin wannan takarda, nakan fara ba ta labarin abin da ɗanta ya yi da ya faranta mini rai a makon, sannan in bayyana mata cewa takardar ranarsa mafi wuya take kwatantawa, don kwamiti ya ga girman taimakon da yake buƙata.

Da kuɗin ya zo a karo na biyu, mun samu ƙarin hannu na 'yan awanni a mako. Mun yi masa katunan hoto, mun sayi abin toshe kunne da ƙaramin tanti inda zai shiga idan hayaniya ta yi masa yawa, duk ajin kuma muka koyi alamomin hannu na Makaton. Ban yarda a manna masa mutum ɗaya ya riƙa binsa kamar inuwa ba, don na ga yadda hakan ke raba yaro da tsaransa. Kuɗin bai taɓa biyan ainihin abin da ake kashewa ba, makaranta ce ke cike giɓin. Shi ya sa wasu wuraren suke rage wa irin waɗannan yara awanni, ko su ce wa iyaye babu gurbi, alhali dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna wa yaro bambanci saboda nakasa. A watan Mayu ya ɗauki katin kofi ya miƙo mini da kansa. Bayan makonni ya haɗa da kalma, kuma da Hausa ya faɗe ta: ruwa.

Inda kawaicina ya fi yin ɓarna shi ne maganar shiga firamare. Yaro mai buƙata mai nauyi yana buƙatar cikakken tsari na doka, EHCP, wanda dokar yara da iyalai ta 2014 ta kawo, wanda kuma yake tilasta wa ƙaramar hukuma ta samar da abin da aka rubuta a ciki. Doka ta ba da mako 20 daga nema zuwa kammalawa, amma alƙaluman gwamnati na 2023 sun nuna kusan rabi ne kawai ake gamawa a kan lokaci. A Ingila yawancin yara suna shiga firamare a Satumbar da ta biyo bayan cikarsu shekara huɗu, shi kuma ɗan Yuli ne. Sai a Yuni muka tara hujjar da za mu nema. Ya shiga aji mai yara talatin babu tsarin a hannu, zangonsa na farko ya yi shi cikin kuka, sau da yawa ana kiran mahaifiyarsa daga wurin aiki ta zo ta ɗauke shi. Da na yi magana a Oktoba, da wataƙila takardar ta riga shi isa makarantar.

Mahaifiyarsa ba ta taɓa goranta mini ba. Har yanzu Yaya take ce mini, kuma ita ce ke turo mini matan da suka shiga irin halin da ta shiga.

A Satumbar da ta wuce aka kawo mana wata yarinya mai tafiya a kan yatsun ƙafa, ba ta haɗa ido da kowa. A mako na uku na tari mahaifiyarta a bakin ƙofa, na ce, "Maman yara, ko kina da minti goma? Akwai abin da nake gani, ina so in ji ko ke ma kina ganinsa a gida." Ta ajiye jakarta ta zauna.