Igiya ta tare shanu, ba ta tare masu hoto ba

Har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna ƙwai huɗun nan na zakaran ƙeƙuwa da suka lalace a fadamarmu. Zakaran ƙeƙuwa ba tsuntsu ne mai wuyar gani ba a Zariya. Yana nan birjik a bakin kogin Galma, yana madatsar Kubanni, yana tafkin Bomo, kuma duk wanda ya taɓa kwana a fadama ya san ƙararsa da tsakar dare. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk waɗanda na ji wa tsoro babu wanda ya taɓa ƙwan. Waɗanda suka zo da sunan ƙauna su ne suka kashe su.

Fadamarmu tana wajen Dakace. Da bazara, idan ruwa ya ja baya, wani dogon tudun yashi yakan fito a ƙasan gonar, kuma a nan tsuntsayen ke yin ƙwai. Ba sheƙa ba ce ta a zo a gani, ɗan gurbi ne kawai da suke tonawa da ƙirji. Ƙwan kalar yashi ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, sai ka tsaya a kansa ba ka gan shi ba. Mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci har sama da mako uku. Shekara da shekaru ina ganin ana tattake su, sai bara ni da ɗan yayana muka ce bari mu gwada abin da ake yi a gaɓar teku.

Can a Amurka akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsun bakin teku, dangin wannan namu, wanda aka sa cikin dokar kare halittu masu shirin ƙarewa a 1986. A lokacin, waɗanda suka rage a gaɓar Atilantika ba su wuce ma'aurata 790 ba. Aikin da aka yi musu ba wani mai tsada ba ne: turaku da igiya a zagaye gurbin da tazarar mita 50, a ɗaure karnuka, a hana motoci bi ta wurin, wani lokaci a kifa ragar waya a kan ƙwan. Yau sun ninka fiye da sau biyu. A Ingila ma haka ake yi wa wasu ƙananan tsuntsayen da ke ƙwai a kan yashi da tsakuwa, har da shingen lantarki saboda yanyawa, da masu gadi dare da rana. Mu ba mu da lantarki ko a gida, amma igiya da turaku ba su gagare mu ba.

Makiyaya na fi jin tsoro, domin mashayar shanunsu tana daf da wurin. Na sami dattijon rugar da ke hayi, na gaishe shi, na ce, "Baffa, alfarma na zo nema." Ya saurare ni har na gama, ya ce in nuna masa inda nake so a kauce. Abu ɗaya ya roƙa, kada igiyata ta toshe hanyar ruwa. Tun daga ranar yaransa suka riƙa kora garken ta gefen gabas. Masu ɗibar yashi a tifa ma, da mai unguwa ya yi musu magana, suka matsa gaba. Yaran unguwa masu danƙo kuwa, na ba su madubin hangen nesa suka leƙa, washegari su ne 'yan gadi.

Ta fuskar dabbobi, hankaka ne babban ɓarawo, sai guza da tunku da karnukan mafarauta. Turakun gajeru muka yi da gangan, don kada hankaka ya samu wurin zama yana leƙen gurbi. Ba mu ɗaura jar leda ko tsumma ba, kuma ba ma miƙewa kai tsaye zuwa wurin ƙwan, saboda kare sawun mutum yake bi. Ragar waya kam na ƙi ta. Zakaran ƙeƙuwa yana da girma, ƙofar da za ta shige shi za ta shige tunku, kuma ko a can waje an lura maharan sukan gane keji, su riƙa fakon uwar a bakinsa. Ban da haka, tsuntsun ba kanwar lasa ba ne. Yana da ƙaimi a gwiwar fiffike, na ga su biyu sun fatattaki hankaka har tsallaken kogi.

To, duk wannan ya tafi daidai, har ranar wata Asabar a watan Afrilu.

Wani ya ɗauki hoton igiyar da ɗan allon da muka kafa, ya sa a Facebook, har da kwatancen hanya. Ina wurin ɗaurin aure a Tudun Wada yaro ya kira ni, muryarsa na rawa: "Malam, wasu mutane sun zo da mota, sun tsallake igiya, mun yi magana sun ce mu tafi." Wajen ƙarfe ɗaya ne na rana. Kafin in samu acaɓa in isa, sun fi rabin awa a wurin. Sun durƙusa a bakin gurbin, ɗaya ya ɗora ƙwai a tafin hannunsa ana ɗauka. Iyayen suna ta ihu suna kawo sura, su kuwa daɗi ma suke ji, wai bidiyon zai yi kyau.

Ga abin da ba su sani ba, wanda kuma nake so duk mai karanta wannan ya riƙe. Da tsakar ranar bazara tsuntsun ba ɗumama ƙwai yake yi ba, inuwa yake yi musu. Ka sa madubi ka duba, za ka gan shi tsaye a kansu, fiffike a ɗan buɗe, baki a hangame yana haki. Jim kaɗan ɗayan zai gangara ruwa ya jiƙa gashin cikinsa, ya dawo ya karɓi abokinsa. A Afrilu zafin Zariya yakan doshi digiri 40, yashi kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, ko da silifas ka taka sai ka ji shi. Duk mai injin ƙyanƙyasar kaji ya san ana riƙe shi wajen 37.5 ne, kuma idan ya haura da digiri kaɗan ya ɗan jima, an yi asarar ƙwan. Rabin awa a buɗe, a kan wannan yashi, da ƙarfe ɗaya.

Da suka tafi uwar ta koma ta kwanta. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Suka ci gaba da karɓa-karɓa, suna jiƙa ciki, suna korar hankaka, har lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce, a kan baragurbi. Da suka haƙura suka bar gurbin na fasa ɗaya. Ɗan tsakon ya riga ya yi baki da ƙafafu, har gashi ya fara tsirowa.

Na kira wanda ya jagorance su. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Haba Malam, ai mu masoyan tsuntsaye ne, ko ɗaya ba mu fasa ba." Kuma gaskiya ya faɗa, ba su fasa ba. Da labarin ya kai wa Baffa, dariya kawai ya yi ya ce, "Malam, ba kai ka ce shanuna za su yi ɓarna ba?"

Asarar ba ta tsaya nan ba. Tsuntsayen sun sake yin wasu ƙwai, kamar yadda suka saba idan na fari suka lalace, amma lokaci ya ƙure. Damina ta kankama, Galma ta kawo ruwa cikin dare, da safe babu tudun yashin balle gurbi. Wato rabin awar nan shekara guda ta cinye musu.

Akwai wani gurbin can ƙasa da muka gano daga baya. Shi ba mu sa allo ba, ba mu ja igiya ba, mun dai gaya wa Baffa da yara biyu da masuncin da ke shanya koma a wajen. Uku suka ƙyanƙyashe. Kafin yini ya zagayo suna gudu a bakin ruwa suna caccakar ƙwari da kansu, kuma da uwar ta yi ƙara sai su lafe a ƙasa, ka rasa su ƙurmus.

Ban ce a daina jan igiya ba. Inda ƙafar dabba ko tayar mota ke bi, dole ne. Sai dai allo talla ne, kuma wanda ya kafa shi ba tare da babban mutum a wurin ba, musamman Asabar da Lahadi daga hantsi zuwa La'asar, ya gayyato jama'a ne kawai. Yaro ba ya iya tare mai mota da babbar kamara. Mita 50 ɗin Amurka ma ba aya ba ce. Ka taho a hankali ka ga inda tsuntsun ke tashi daga kan ƙwai, ka kai igiyarka bayan nan. Na lura saniya takan zo kusa sosai yana kwance abinsa, amma mutum a tsaye, tun daga nesa ya miƙe. Idan ka gan shi yana ihu yana zagaya kanka, ka riga ka shiga inda bai kamata ba, ka juya. Hoto kuma, in ya zama dole, a ɗauka daga nesa, a bari sai an ƙyanƙyashe kafin a watsa, kuma ban da kwatance.

Bana na gaya wa yaran, duk wanda ya tambayi inda ƙwai yake a haɗa shi da ni. In ya kira, bayan La'asar zan kai shi, daga kan gaɓa zai kalla da madubina, ƙafarsa ba za ta taka yashi ba. Wasu har sun yi fushi sun ce na mai da kogin na ubana.